Wai da gaske mutum zai biya kuɗi don kawai ya je kallon balen da beyar?

DanYelwa_Garwa: Salamu alaikum jama'a. Dan Allah ina da tambaya kada a min dariya. Ɗan maƙwabcinmu da ke karatu a Kanada ya turo wa babansa bidiyo, sun shiga wani ɗan ƙaramin jirgin ruwa kowa sanye da jar riga mai kauri, aka kai su cikin teku don su ga balen, ƙaton kifin nan, daga nan aka zaga da su bakin gaɓa suka kalli beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai gashi da farata, yana kiwo. Baban ya tambaye shi nawa ka biya, ya ce sama da dala 100 na can, wajen jaka 50 ko fiye a kuɗinmu kenan. Tsohon tun jiya yake faɗa. Ni abin da ya ɗaure min kai, ba kamawa za a yi ba, ba ci ba, ko taɓawa babu, kallo kawai a dawo gida? Kuma wai akwai garuruwan da da wannan sana'ar suke ci. Wanda ya san kan abin ya warware min.

Alh_Kamyon: Wa alaikumus salam. Jaka 50 kallon kifi. Allah ya shirya mana zuri'a.

MamanIlham: Hhhh Alhaji ai ku ma kuna biyan kuɗin abonma duk wata don kallon ƙwallo, ita ma ba cinta kuke yi ba

Alh_Kamyon: Hajiya ƙwallo daban. Ƙwallo ina zaune a falona da shayina, ba ruwana da teku.

Dalibi_Dang: Gyara kaɗan Yaya DanYelwa, balen ba kifi ba ne duk da a ruwa yake. Huhu gare shi, dole ya taso sama ya shaƙi iska ta hancin da ke tsakar kansa, macen tana haihuwa ne ba ƙwai ba kuma tana shayar da ɗanta nono. Feshin nan da ake gani yana tashi sama numfashinsa ne. Shi ya sa ma ake iya kallonsa, da kifi ne da zai yi zamansa a ƙasa ba mai ganinsa. Mafi girma a cikinsu, shuɗin, yana kai mita 30, ba a san wata dabba da ta taɓa kai shi nauyi ba.

Bako_Nanaimo: Toh bari in sa baki tunda ina kusa da wurin. Ina aiki a tsibirin Vankuva, yammacin Kanada, kuma daga bayanin jar riga da beyar a bakin gaɓa ina zaton Tofino yaron ya je. Ƙaramin gari ne a ƙarshen hanya, daga inda nake tafiyar awa uku ce a mota cikin duwatsu da daji. Garin kam da baƙi yake rayuwa, otal, gidan abinci, masu jirage, duk su ne.

Yadda abin yake, kallon beyar ba lokacin da ka ga dama ake zuwa ba. Teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini, to sai ruwa ya ja baya duwatsun bakin gaɓa sun fito fili sannan baƙin beyar yake saukowa daga daji neman ƙaguwa. Shi ya sa lokacin tashin jirgi kullum canzawa yake, yau asuba gobe hantsi. Mu da asuba muka fita, hazo ko'ina, sanyi har cikin ƙashi. Direban ya kashe inji ya ce kowa ya yi shiru. Sai ga wata mace da ƴaƴanta biyu, tana sa hannu ɗaya ta kifar da dutsen da wlh ni da hannu biyu ba zan ɗaga ba, ka ji ƙarar dutsen ƙwal a kan ɗan'uwansa, ta sunkuya ta tauna ƙaguwa har muna jin ƙaras ƙaras. Ƴaƴan suna kwaikwayonta da ƙananan duwatsu suna faɗuwa. Ko kallonmu ba ta yi ba, don a ruwa muke, ba ta ɗauke mu a bakin komai ba.

Balen kuma a buɗaɗɗiyar teku ne, nan ne wahalar. Igiyar ruwa ta ɗaga ka ta sauke ka, rabin mutanen jirgin sun amayar da karin kumallonsu. Abin da bidiyo ba zai gaya maka ba shi ne wari, in ya fesa numfashi iska ta kaɗo ta wajenku sai ka toshe hanci, warin ruɓaɓɓen kifi sosai. Amma lokacin da ya ɗaga wutsiya zai nutse, ruwa na zuba daga gefenta, ba wanda ya iya magana a jirgin nan. Ni dai Subhanallah kawai na yi ta maimaitawa.

DanYelwa_Garwa: Yaya Bako na gode. To in aka fita ba a ga komai ba fa? Dabba ce ai ba alƙawari kuka yi da ita ba.

Bako_Nanaimo: Yana faruwa. Da yawan kamfanonin in ba a ga balen ba sai su ba ka takardar sake zuwa kyauta wata rana, kuɗi dai ba sa dawowa. Amma direbobin suna magana da juna ta rediyo, wanda ya hango sai ya sanar da saura. Kuma sun san lokaci, balen mai ruwan toka yana tasowa daga Meziko inda suke haihuwa ya nufi Alaska, wajen watan Maris yake ratsawa ta gabansu har biki suke yi a kai, wasu kuma su tsaya nan su yi bazararsu. Akwai doka ma, ba ka matsawa ƙasa da mita 100, in orka ne mai baƙi da fari nisan ya fi haka. In shi ya ga dama ya matso kusa da ku wannan kuma rabonku ne.

Yar_Domayo: Ni tsorona beyar ɗin. In ya faɗo ruwa ya biyo ku fa??

Bako_Nanaimo: Ya iya iyo sosai amma me zai zo nema. Baƙin beyar ma mai gudun mutane ne. Wanda ake jin tsoro shi ne babban mai ruwan ƙasa, girizli, shi kuma sai an ƙara gaba arewa wajen su Knight Inlet, a ƙarshen bazara lokacin da kifin samon ke hawowa kogi. Suna ci ne ba ji ba gani don su tara kitse, in hunturu ya shigo su shige rami su kwanta watanni.

Dalibi_Dang: A Alaska akwai gandun Katmai, sun kafa kamara a bakin wani ruwa mai gangarowa, in kana da rezo mai kyau kana iya kallonsu kai tsaye a waya suna cafe kifi a iska, watan Yuli ya fi. Har zaɓe ake yi a intanet kowace shekara na wanda ya fi ƙiba. Amma a gandun nan ne a 2003 beyar ya kashe wani Ba'amurke mai suna Timothy Treadwell da abokiyar tafiyarsa, mutumin da ya shekara da shekaru yana kwana cikinsu yana cewa abokansa ne.

Alh_Kamyon: Kun ji ko. Abokai.

Malam_Kuseri: Assalamu alaikum. Ni ta wani ɓangaren zan shigo. Tafiya don ganin halittar Ubangiji ba wasa ba ce in niyya ta yi kyau, an umarce mu da tafiya a bayan ƙasa mu duba. Kuma wannan dabbar ba baƙuwa ba ce a karatunmu. Kowa ya san ƙissar Annabi Yunusa alaihis salam. Sannan akwai rundunar Abu Ubaida, su wajen 300, yunwa ta kama su a bakin teku har suna cin ganye, sai teku ta jefo musu wata dabba da ake kira anbar, suka yi kwanaki suna ci, aka kafa ƙashin haƙarƙarinta mutum a kan raƙumi ya wuce ta ƙarƙashi. Da suka dawo Madina Manzon Allah SAW ya ce arziki ne Allah ya fitar muku. Abin da zan ce wa yaron kawai, in kuɗin karatu ne da uba ya sayar da sa ya tura, to a ji tsoron Allah. In guminsa ne ba laifi.

DanYelwa_Garwa: Allah ya saka Malam. Yaron yana aikin wanke-wanke a gidan abinci bayan lekol, kuɗinsa ne.

MamanIlham: To a ƙyale yaro mana. Wasu nasu a shisha yake ƙarewa.

Direban_Kribi: Ku kuna ta Kanada Kanada, balen fa yana zuwa tekunmu. Ni Duwala–Kribi nake yi da kaya, ina zama da masunta a bakin ruwa in ina jiran lodi. Da damina, wajen Yuli zuwa Satumba, sukan ce sun ci karo da su in sun yi nisa. Wani dattijo ya ce min da dare in sun kashe inji har kukansu suke ji ta jikin katakon kwalekwale. Su ba murna suke da shi ba, in ya shiga raga ya tafi da ita an yi asarar shekara. Ba dai wanda ya mai da shi sana'ar kai baƙi sosai kamar yadda Bako ya faɗa, baƙon da ya zo Kribi ruwan Lobe ake kai shi inda kogi ke zubowa cikin teku, a ci jatan lande, mai ƙoƙari ya wuce Eboje kallon kunkurun teku.

Dalibi_Dang: Gaskiya ne Kawu direba. Balen mai doro ne wannan, daga can kudu wajen Antatika suke tasowa su zo ruwan ɗumi su haihu, kuma duk zamansu a nan kusan ba sa cin komai, kitsen jikinsu suke ƙonawa. Namijin ne mai waƙar. Gabon sun fi mu cin moriyar abin, wajen Port-Gentil da Loango da Mayumba ana fita da baƙi. A Loango ɗin har dorina ke shiga teku. Afirka ta Kudu kuwa garin Hermanus ko jirgi ba ka buƙata, daga kan dutse kake kallo, suna da mutum na musamman mai busa ƙaho ya sanar da gari in balen ya shigo.

Yar_Domayo: Beyar fa akwai a Afirka?

Dalibi_Dang: Babu Anti, sai a gidan zu. An taɓa yin wani iri a duwatsun Maroko da Aljeriya amma ya ƙare tuntuni.

Hajiya_Njamena: Mu ƴan Cadi muna karatu kawai, ko teku ba mu da ita balle balen 😂 Manmu na Doba ne kaɗai ya san hanyar Kribi, tun 2003 yake bin bututu kilomita sama da 1000 yana zuwa shan iska.

Direban_Kribi: Hajiya ai wannan ma abin dubawa ne. Ga tankokin mai ga sabuwar tashar jiragen ruwa mai zurfi, manyan jirage na shige da fice dare da rana. Dabbar da da sauti take neman ƴar'uwarta, kuma dole ta taso sama ta yi numfashi a kan hanyar jirgi, ban san ya za su ƙare ba.

Sarkin_Ruwa_Lagdo: Na karanta duka tun daga sama. Ni masunci ne ɗan masunci. Abin da nake so Bako ya gaya min, a can in beyar ya shiga gonar mutum ko ya kashe masa dabba wa ke biya? Don mu nan dorina ce beyar ɗinmu. Baƙo zai zo daga Yawunde ya ɗauki hoto ya ce kai abin sha'awa ya koma otal. Ni kuma da dare ta fito ta share min shinkafa kadada guda, ko ta kifar da kwalekwale da mutum a ciki. Ƙanin matata haka ya rasa ƙafa. In ka taɓa ta a ɗaure ka. Muka kai kuka ofis aka rubuta sunayenmu a takarda, har yau shiru. To kallon nan wa yake amfana?

Alh_Kamyon: Yauwa. Ga mai magana.

Bako_Nanaimo: Baba Sarkin Ruwa Allah ya ba shi lafiya, maganarka a kan hanya take. Can ma rigimar tana nan, beyar na shiga gari ya fasa bola, wanda ya saba da abincin mutane ƙarshenta harbe shi ake yi, shi ya sa tara ce mai tsanani ka ba shi abinci. Bambancin da na gani shi ne kuɗin baƙon a garin yake tsayawa. Direban jirgin ɗan garin ne, da yawansu da masunta ne ko masu yankan katako, wasu kamfanonin ma na ƴan asalin ƙasar ne da aka tarar a wurin. Mafarauci ya biya sau ɗaya ya kashe beyar shikenan, mai kallo kuwa wannan beyar ɗin dai za a kai wani gobe a kai wani jibi har ta tsufa. Da wannan lissafin aka yi ta matsa wa gwamnatin lardin har ta hana farautar girizli a 2017. In da a ce duk baƙon da ya zo kallon dorina a kwalekwalenka zai shiga kai zai biya, da lissafinka da ita ya canza ko da kaɗan.

Sarkin_Ruwa_Lagdo: Da ya canza. Amma baƙon nawa ne a shekara? Dorina kuwa kullum tana nan.

Tsohon_Gid_Waza: Wannan tambayar ta Sarkin Ruwa ni ta taɓa ni. Na yi aikin kai baƙi a gandun dajin Waza lokacin da abin ke tafiya. Daga Disamba zuwa Afrilu motoci ba sa yankewa, Turawa, ƴan kudu, ma'aikatan ofisoshin jakadanci daga Njamena. Wajen Maris in ruwa ya ƙafe sai ka kai su bakin tafki ka kashe mota, raƙuman dawa su zo su tale ƙafafu su sha, giwaye garke guda. Da kuɗin nan na yi aure na gina ɗaki biyu. Mai sayar da ƙwai, mai wanki, mai gyaran taya, masu sayar da kayan fata a kasuwar sana'a ta Marwa, kowa na samu. Ranar da aka sace iyalin Faransawan nan a 2013 bayan sun fito daga gandun, wlh kamar an rufe famfo. Yanzu acaba nake yi. Don haka DanYelwa in kana tambaya ko gari na iya ci da kallon dabba, yana iya ci, na gani da idona. Sai dai abinci ne da ba ya son ƙarar bindiga ko ɗaya.

MamanIlham: Allah sarki Baba. Allah ya dawo mana da zaman lafiya.

Hajiya_Njamena: Amin. Mu Zakuma, gandun dajinmu, ta ɗan farfaɗo. Giwayenta sun kai wajen 4000 a farkon shekarun 2000, ɓarayin haure a kan dawaki suka mai da su ƙasa da 500, sai da aka ba ƙungiyar kula da gandun daji ta African Parks riƙon wurin a 2010 sannan suka fara haihuwa kuma. Na kai yarana da rani, hanya ce mai nisa ta Mongo ga ƙura, amma ƙaramin har yau zancen ɓauna yake.

Tsohon_Gid_Waza: Irin mahayan nan ne suka shigo gandun Buba Njida a 2012 suka kashe giwaye ɗaruruwa cikin ƴan makonni.

Dalibi_Dang: Balen ma haka aka yi masa ai, don mai aka yi ta kashe shi har wasu irin suka kusa ƙarewa, a gaɓar Gabon ma an yi wannan farautar. Sai 1986 aka dakatar da farautar kasuwanci a duniya, mai doron nan ya dawo da yawa. Japan da Norwe dai har yanzu suna kamawa.

Dan_Lere: Ba wanda ya ambaci ayu. Mu a tafkin Lere muna da shi, yana Binuwai ma, shi ma numfashi yake tasowa yi kuma yana shayarwa, ciyawa kawai yake ci ba ya cutar kowa. Na girma a bakin tafkin nan amma abin da na taɓa gani hanci ne kawai ya ɓullo ya koma. In da za a tsara abin da kyau da shi ne namu balen ɗin.

Yar_Domayo: Ayu dai da ake sayar da mansa wajen masu kayan mata? 🙈

Dan_Lere: Shi fa Anti. Abin da ke ƙarar da shi kenan, alhali doka ta hana kama shi. Kuma rabin abin da ake sayar muku a kwalba ba ayu ba ne, kitsen shanu ne.

MamanIlham: Hhhhh yau asiri ya tonu a gurup

Alh_Kamyon: Daga kifin Kanada mun dawo kayan mata. Ni dai har yanzu ban ga abin jaka 50 ba. Dorina na nan ƙarƙashin gadar Garwa kyauta, duk wanda ke so ya zo in kai shi a kamyon.

Bako_Nanaimo: Alhaji tsakani da Allah yaushe rabon da ka tsaya a gadar ka kalle ta?

Alh_Kamyon: Ina tuƙi zan tsaya kallon dorina jandarma su rubuta ni?

DanYelwa_Garwa: Na nuna wa tsohon abin da Malam da Baba na Waza suka rubuta. Ya ce ya ji, amma a gaya wa yaron in ya sake samun jaka 50 ya turo a gyara rufin ɗakin uwarsa kafin damina. Kawu direba, daga Ngaundere in mutum ya hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde, Kribi kuma ta ina ake bi? Kuma masuntan nan za su yarda su ɗauki mutum?

Direban_Kribi: Jirgi kwana yake yi a hanya, da safe kana Yawunde, ka hau bas ta Edeya, kafin la'asar ka ga teku. Masunta kuwa in ka biya mai za su ɗauke ka, amma ka nemi mai rigar ceto, yawancinsu ba su da ita, kuma lokacin balen ɗin ne teku ta fi hauka. Ka iya ruwa?

DanYelwa_Garwa: Na iya na Binuwai da rani.

Sarkin_Ruwa_Lagdo: Wanda ke kai wa gwiwa kenan. Ka fara zuwa Lagdo in gwada ka tukuna.